Gaɓoɓin Agogon Baba Malam

Kwanakin baya jikata ta shigo ɗakina da wani ɗan akwatin roba, wai a waya ta saya aka kawo mata har ƙofar gida. Da ta buɗe sai ga 'yar guduma kamar ta wasan yara, da tsinkayen ƙarfe, da wani abu shuɗi da ake murɗawa, wai da shi ake rage sarƙar agogo. Ta ɗora agogon mijinta a kai ta murɗa, ƙusa ta yi tsalle ta shige ƙarƙashin gado, muka yi ta lalube. Na karɓi abin na juya shi, don ni tun ina budurwa ba na yarda da abu sai na ga bayansa. Roba ce zalla, ko damina ɗaya ba za ta kai ba. Na ce mata, "Kin auna hannun nasa kuwa?" Ta ce ai da ido ta gani. Na ce to, Allah Ya kyauta. Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ke dai kin cika zargi." Ban musa mata ba. Ban kuma gaya mata cewa a kan irin wannan sarƙa ce hannun ƙanena ya kusa rabuwa da jikinsa ba.

A Durun na tashi, ta wajen Kabo. Babanmu gyaran keke yake yi a gindin tsamiya, bai taɓa zama mai gyaran agogo ba, yunwar zamani ce ta koya masa. Lokacin nan ne da gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, mu kuma muke ce masa ostariti. Sabulu ya zama abin ɓoyewa a ƙasan adaka, madarar gwangwani sai wanda ya je birni ya bi layi, shi ma ba lallai ya samu ba. Babu mai sayen sabon abu. Riga a juya ta, takalmi ya yi ta zarya wajen baduku, agogo kuwa gadonsa ake ci. Uba ya rasu a ba ɗa, hannun uba kakkaura, na ɗa siriri, agogo ya riƙa yawo har gwiwar hannu. Sai a kawo wa Baba. Kayan aikinsa duka ba su cika aljihu ba: wayar ƙafar keke da ya wasa bakinta a kan dutse, guntun icen kanya da ya huda masa rami, 'yar guduma da maƙerin garinmu ya buga masa, sai hanzakin cire ƙaya na Inna, wanda kullum sai sun yi faɗa a kansa. Da idonsa ya fara rauni ni ya zaunar. In shimfiɗa farin ƙyalle a faifai don kada ƙusa ta ɓata, in kwantar da sarƙar a kan icen, in saita gaɓar a bakin ramin, in duba 'yar kibiyar da ke bayanta, don ta inda ta nuna ƙusa take fita. Yana tsaye a kaina yana cewa, "Ba dakan gero kike ba, lallaɓa ta." Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena, ƙwas, ƙwas, a hankali, ga tattabaru suna kuka a kan rumbu, ga Inna tana surfe a bayan ɗaki.

Abu guda ne bai taɓa ɗaga mini ƙafa a kai ba. Duk gaɓar da na cire sai na ƙulle ta a ƙyalle na haɗa da agogon na mayar wa mai shi. Yakan ce, "Abin da kika cire ba naki ba ne, shi ne shaidar mutum." Haka kuwa yake a ƙasarmu a lokacin. Idan ka kai agogo kasuwa, mai saye kafin ya kara shi a kunne zai ce, ina gaɓoɓinsa? In ka fito da su, agogon naka ne. In ka fara kame-kame, sai a matsa daga kusa da kai, don ɓarawo agogo yake fizga, ba ya tsayawa neman ƙulli. Yanzu wa ya san wannan? Yaro zai riƙe waya mai tsadar saniya, babu mai tambayarsa inda ya samo, shi ma ba ya jin kunyar a gani.

Da aka kawo ni Gwarzo, gidan malamai aka kawo ni, babban gida mai makarantar allo a zaure da Islamiyya a gefe, inda maigidana yake koyarwa. Kulle ake yi sosai. Matan gidan kowa da sana'arta, mai ɗinkin hula, mai ƙuli-ƙuli, mai dafa-duka. Ni kuwa a cikin kayan ɗakina na taho da wayar keken nan da icen kanya. Matsalar ita ce masu agogo maza ne, ni kuma ba zan ga hannunsu ba. Sai muka yi dabara. Mutum ya zagaya zare a wuyan hannunsa ya ƙulle inda ya haɗu, ya ba matarsa ko dillaliya ta kawo mini tare da agogon. Da zare na san mazan Gwarzo ban taɓa ganin fuskarsu ba. Ɗan kasuwa yana son sarƙa ta kama shi gam, don in ya ɗaga hannu a ciniki a gani. Manomi ranar Juma'a kawai yake ɗaurawa, duk yadda na yi masa ya gode. Malamai kuwa sai an bar musu sarari, yadda yatsa zai shiga, don ruwan alwala ya ratsa ta ƙarƙashi. Akwai masu ƙara tsawon zare don a ce suna da jiki, su ma na san su, in rage abin da ya kamata in yi shiru.

Surukina, wanda duk gidan muke ce wa Baba Malam, wani ɗalibinsa ya kawo masa tsarabar agogo daga Makka ban daɗe da tarewa ba. Fari ne mai nauyi, fuskarsa baƙa, ba irin na yanzu da ruwan zinarensu ke bin gumi ba. Baba Malam mutum ne siriri, agogon har zamewa yake. Maigidana ne ya shigo mini da shi da zarensa, ya zauna a bakin gado yana kallo har na gama, lokacin muna amarci, komai na yi burge shi yake. Na yagi bakin wani tsohon koren ɗankwalina na ƙulle gaɓoɓin na ba shi ya kai. Bai jima ba ya dawo da ƙullin, ya ce Baba ya ce in ajiye a wurina, shi in ya ajiye ɓata za su yi cikin littattafai. Na jefa shi a gwangwanin madara inda nake tara ƙusoshi da ƙulle-ƙullen mutanen da suka bar mini ajiya, na tura gwangwanin cikin wata kwalla a can ƙasan jere. Shekaru suka wuce, na haihu, na sake haihuwa, ban sake bi ta kansa ba.

Sai aka kawo Shari'a. Ba zan manta murnar da aka yi ba. Motoci suka cika da maza aka tafi Kano, mu muna gida kunne a rediyo, tsofaffi suna kuka suna cewa ba su zaci za su ga ranar ba. Ni ma na yi murna, wallahi na yi. Amma ba a daɗe ba na lura, duk faɗin Shari'a, da zakka da haƙƙin maraya da gyaran mudu, abin da bakin mutane ya fi kamawa shi ne hannu. A gidan suna hannu, a wajen niƙa hannu. Kaza ta ɓata, sai ka ji mace tana ɗaga murya ta kan katanga tana cewa yanzu ai akwai hukunci. Mutane suka shiga kallon juna ta gefen ido. Baba Malam ya sha faɗa a karatun yamma cewa yanke hannu ba wasa ba ne, sharuɗɗansa sun fi yatsun hannun yawa, amma ya tsufa, muryarsa ba ta kai ta samari.

A wannan kakar ce ƙanena, autanmu, ya zo daga Durun taya gidan girbin dawa. Saurayi ne cikakke, ana maganar aurensa a gida, mai ƙarfi, ga rashin magana. A shagon da ke jikin zaure yake kwana. Da yake yana da ladabi, sai ya ɗauke wa Baba Malam ɗawainiyar ruwa, shi ke cika masa buta, shi ke kai masa bokiti. Ranar wata Juma'a Baba Malam ya cire agogo ya ajiye a kan buzunsa ya shiga wanka. Da ya fito babu agogo. Aka ɗaga buzu, aka zazzage littattafai, aka share zaure. Kafin a sauko daga masallaci magana ta riga ta zauna a kan mutum ɗaya, don shi ya kai ruwan, kuma shi kaɗai ne ba ɗan gida ba. Wan maigidana, mutum mai zafin kai wanda a lokacin yake gaba-gaba cikin masu ɗamarar tsaron Shari'a, ya tsaya a tsakar gida inda zan ji, ya ce an ba shi zuwa bayan kasuwa mai zuwa. In agogo bai fito ba gaban alƙali za a kai shi, abin da Allah Ya ce shi za a yi.

Da yamma Auta ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofata. Na daɗe ina kallonsa. Ni kowa zarginsa nake, har wanda muka sha nono ɗaya, don haka na tambaye shi kai tsaye.

"Auta, tsakaninka da Allah, ka ɗauka?"

"Yaya, ban ɗauka ba. Na ce su kawo Alƙur'ani in dafa, sun ƙi."

"To ka kama hanyar Durun tun da sauran haske."

"In na tafi ai na amsa ke nan. Wa zai ba ɓarawo 'yarsa? Ina nan."

Ya faɗa yana murza wuyan hannunsa na dama da na hagu, bai ma san yana yi ba. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, har tuwon da nake tuƙawa ya kama. Da maigidana ya shigo cin abinci na durƙusa na roƙe shi ya sa baki, ya yi wa wansa magana. Bai ɗago ba. Ya ce, "In bai ɗauka ba me zai ji wa tsoro? A bar hukuma ta yi aikinta." Ya wanke hannu ya fita, ko rabin tuwon bai ci ba. Na ɗauka ɓacin ran abin da ya sami mahaifinsa ne.

Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Matan gida suka daina shigowa ɗakina aron ludayi. In na fito tsakar gida hira ta mutu, wata har ta tashi ta janyo ƙofarta. Ni ma na shiga lissafa mutane a raina ɗaya bayan ɗaya, mai kawo itace, mai wanki, baƙon da ya zo neman addu'a daga Kutama, shi kansa wan maigidan da ya fi kowa ɗaga murya. Kowa na ɗora masa sai in ga ya dace da shi.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, wata dillaliya da ke zagaya Kabo da Gwarzo da kayan mata ta yi sallama. Muka gaisa, ya hanya, ya mutanen Kabo, ya jikin tsohuwarta, ya aka ji da kaka. Ta sha ruwa, sannan ta kwance bakin zanenta ta ce, "'Yar nan, aiki na kawo miki. Wani Alhaji ne mai sayen gyaɗa a Kabo ya yi sabon agogo, ya matse shi. Matarsa 'yar wajenku ce, ta ce duk ƙasar nan ba mai yi kamarki. Ƙari za ki yi masa, ga zaren." Ta ajiye zare mai tsawo, ta ajiye agogo fari mai baƙar fuska. Ban taɓa shi ba tukuna, don irinsa ba ɗaya ba ne a duniya. Sai ta ce, "Af, na kusa mantawa. Ga gaɓoɓinsa. Alhajin ya ce shi ba ya sayen agogo sai da su, sai da mai shi ya koma ya kawo." Ta ajiye ɗan ƙulli a kan faifai. Koren ɗankwalina ne, da ƙullin da na yi da hannuna.

Na ce mata ta zaga gari ta dawo. Tana fita na sauke jeren kwalla, na buɗe gwangwani. Duk ƙulle-ƙullen mutane suna nan, masu fari, masu ja, babu wanda aka kwance, ba a ma hautsina su ba. Koren ne kawai babu. Wanda ya ɗauka bai yi lalube ba, ya san launin da ya zo nema. Ranar da na ƙulle shi Auta yana Durun yana kiwon awaki, bai taɓa ganin gwangwanin ba. Baba Malam ya ga ƙyallen, amma suruki ba ya shiga ɗakin matar ɗansa. Na zauna a ƙasa cikin kwanuka. Mu uku muka san ƙyallen nan: ni, da Baba Malam, da wanda na aika ya kai masa. Na so in sami mutum na huɗu, na nema iya nemana, ban samu ba.

A gidan nan ban taɓa yi wa Baba Malam magana da ta wuce gaisuwa ba, ita ma daga nesa, kai a ƙasa. Ranar na jira har ɗalibai suka tashi, na yafa mayafi na bi ta ƙofar cikin gida na durƙusa a bakin ɗakin karatunsa. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi yara. Na tura faifan gabansa. Ya ɗauki agogon ya kara a kunne. Ya ɗauki ƙullin, ya daɗe yana juya shi a tafin hannu.

"Daga ina, 'yata?"

"Daga Kabo, Baba. Sayar da shi aka yi."

"Wannan ƙyallen ba a wurinki yake ba?"

"A wurina yake."

"Wa ya san inda kika ajiye?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Ko da wuƙa aka sa mini ba zan iya faɗa ba. Shi ma bai sake tambaya ba. Na ji yana salati a hankali, sai na ga tsufansa ya fito gaba ɗaya. Can ya turo mini faifan.

"Ni ba zan kira sunan kowa ba, ke ma kada ki kira. Alhajin Kabo ki bar ni da shi, zan aika masa. Wannan ki ba wanda ya kai miki shi tun farko, ya kawo mini da hannunsa kafin la'asar. In ya kawo, na yafe, maganar ta mutu. In bai kawo ba, gobe da kaina zan je gaban alƙali in faɗi abin da na sani, don ba zan haɗu da Allah da hannun yaron nan a wuyana ba."

Bayan azahar maigidana ya shigo ya kishingiɗa. Na kori yara waje. Na ajiye faifan kusa da ƙafarsa, agogo da ƙulli a kai, na koma gefe na zauna. Ya kalli faifan. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta bushe haka ba.

Na ce, "Maigida, Baba ya ce ka kai masa kafin la'asar."

"Me kika ce masa?"

"Ban ce komai ba. Shi ma bai ce ba."

Na zaci zai yi faɗa, ko ya rantse, ko ya yi kuka, ko ma ya miƙo mini takardata. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna yana kallon ƙasa har inuwa ta fara hawa katanga. Sannan ya sa agogon a aljihu, ya ɗauki hula ya fita. Daga ƙofar sasanmu hanya biyu ce, ta dama ta kai ka ɗakin Baba Malam, ta hagu ta fitar da kai titi inda motocin Kano ke tsayawa. Na tsaya a bayan labule ina sauraron takalminsa. Ya kai mararrabar ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana sallama, na ji tsohon ya amsa.

Bayan sallar la'asar Baba Malam ya miƙe a masallaci da agogon a hannunsa, ya ce abinsa ya dawo, ɗansa ne ya kawo masa, kuma yana shaida wa jama'a yaron Durun ba shi da hannu a ciki, duk wanda ya sake ambatonsa da sata bai yafe ba. Kowace kalma gaskiya ya faɗa. Mutane kuwa suka fahimci abin da suka ga dama, aka ce maigidana ne ya bi sawu har Kabo ya gano agogon. Wansa ya yi ta tambaya a hannun wa aka samu, tsohon ya ce an wuce wurin.

Me ya kai shi, me ya yi da abin da aka ba shi, har yau ban sani ba. Na zauna da shi shekaru masu yawa bayan nan, na ƙara haihuwa da shi, na yi jinyarsa, na yi masa takaba. Bai taɓa ta da maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Bai kuma sake zama a bakin gado yana kallon ina aiki ba.

Auta ya koma Durun da hannayensa biyu, aka ɗaura masa aure bayan kaka. Da shekara ta zagayo matarsa ta haifi namiji, na je na kwana biyu don suna. Da safe, bayan an shafa fatiha, ya shigo cikin gida yana ta fara'a, ya tsuguna a gabana kamar yadda ya saba. Jaririn yana cinyata.

Ya ce, "Yaya, sunan maigidanki na sa masa. Ba don shi ba ai da yanzu ba ni da hannun ɗaukarsa."

Na gyara wa yaron zani na ce, "Allah Ya raya."